Tarar Gudu da Na'urar Makantar da Radar: Ina Iyakar Ƴancin Direba?



Maganar da za mu tattauna yau ta shafi aljihu, ta shafi doka, ta kuma shafi rai. Ina nufin tarar da ake ci wa direban da ya wuce ƙa'idar gudu, da na'urorin da wasu ke saye don su ɓace wa hukuma. Zan ɗauki Faransa a matsayin babban misali, saboda tsarin dokokinmu daga nata ya samo asali, kuma ta daɗe tana kokawa da wannan matsala.

Rigimar direba da hukuma tsohuwa ce. A watan Janairu na 1896, a yankin Kent na Ingila, wani ɗan sanda ya bi Walter Arnold a kan keke har ya kama shi yana gudun kilomita 13 a awa, alhali doka ba ta yarda a wuce kilomita 3 a cikin gari ba. Aka ci shi tarar sule ɗaya. Tun daga nan mota ke ƙara sauri, hukuma kuma na neman abin auna saurin.

Yaya radar ke aiki? Tushenta wata ƙa'ida ce da masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Na'urar tana aika igiyar rediyo zuwa ga mota, igiyar ta bugi ƙarfe ta dawo. In motar na tahowa, igiyar kan dawo a matse, kuma gwargwadon matsewar ne ake lissafa gudun. Akwai kuma mai aiki da leza, wadda ke harba ɗigon hasken da ido ba ya gani sau da yawa cikin ƙiftawa, tana auna yadda tazara ke raguwa. Abin mamaki, kamfanin Gatsometer da ya shahara wajen ƙera irin waɗannan kamarori, wani ɗan tseren mota ne na ƙasar Holan, Maurice Gatsonides, ya kafa shi a 1958, bayan ya nemi hanyar auna gudun kansa.

A Faransa, mutane sama da 16,000 suka mutu a kan hanya a 1972. A 2002 adadin yana sama da 7,000. Ranar 14 ga Yuli na wannan shekara shugaba Jacques Chirac ya sa tsaron hanya cikin manyan ayyukan mulkinsa, kuma a watan Oktoba na 2003 aka kafa radar ta farko mai aiki da kanta a kudancin Paris. Ita ke ɗaukar hoton lambar mota, wata cibiya a birnin Rennes ta aika wa mai motar takardar tara har gida. Babu jandarma a bakin hanya, babu ciniki, babu “ka san ko ni wane ne?” Zuwa 2013 mutuwar ta sauko zuwa 3,268. Ɗamarar kujera, yaƙi da tuƙi cikin maye da ingancin motoci duk sun taimaka, amma saukar da ta biyo bayan 2002 ta zo tare da raguwar gudu a hanyoyin ƙasar.

Ga yadda tarar take. Wanda ya wuce ƙa'ida da abin da bai kai kilomita 20 ba a bayan gari, yuro 68 zai biya, kimanin jaka 45 na sefa. A cikin gari yuro 135 ne, kusan jaka 89. Tun 1992 kuma permi yana ɗauke da maki 12, ana zaftare su gwargwadon laifi, in suka ƙare permi ya mutu. Don gudun zalunci, ana rage kilomita 5 daga abin da radar ta kafe ta auna in gudun bai kai 100 ba, ko kashi 5 cikin ɗari in ya wuce haka. Ana duba ingancin kowace na'ura a kai a kai, kuma direba yana da kwana 45 ya ƙalubalanci tarar.

To, idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Direbobi suka nemi mafita, kasuwa ta kawo musu kaya iri uku, waɗanda ya kamata mu bambance. Na farko na'urar sansano ce: tana jin igiyar radar daga nesa, ta yi ƙara, direba ya taka birki. Na biyu manhajar waya ko ta taswira, wadda ke faɗin inda radar take bisa labarin da direbobi ke ba junansu. Na uku ita ce mai makantarwa: tana aika tata igiyar ko nata hasken don ta rikita na'urar hukuma, ta kasa karanta gudun. Ta farko saurare take yi, ta biyu ba da labari, ta uku kuwa hannu ta sa ta ɓata kayan aikin hukuma.

Dokar hanya ta Faransa ta haramta mallaka ko ɗaukar mai sansano da mai makantarwa, ko da a kashe suke. Hukuncin ya kai yuro 1,500, wato kusan miliyan ɗaya na sefa, da zaftare maki 6, da dakatar da permi har shekara 3, da ƙwace na'urar. Ƴan kasuwa, ku saurara da kyau: wanda ya ƙera, ya shigo da ita ko ya sayar, yana fuskantar ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 30,000, sama da miliyan 19 na sefa. A farkon 2012 haramcin ya haɗa da na'urorin da ke nuna ainihin wurin radar, sai kamfanoni irin su Coyote suka koma nuna “yankin haɗari” mai tsawo maimakon wurin kansa. Amma a watan Satumba na 2016 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da sakin wasu mutanen yankin Aveyron da ke gargaɗin juna a Facebook, bisa hujjar cewa dandalin zumunta ba na'urar da dokar ke nufi ba ce.

A Amurka mai sansano halal ce a motar gida a yawancin jihohi, ban da Bajiniya da birnin Washinton, kuma an hana ta a motocin kasuwanci da suka wuce tan 4 da rabi. Mai makantar da radar kuwa haram ce ko'ina, domin dokar sadarwa ta 1934 ta hana kutsawa cikin igiyar rediyo da gangan. Ta leza ta sha da ƙyar daga wannan doka, saboda haske take aikawa, sai jihohi irin su Kaliforniya da Tekzas suka yi tasu dokar suka hana ta. A Ingila ma ba a hana mai sansano ba, amma a 2018 kotu ta ɗaure wani shugaban kamfani na yankin Yorkshire wata 8 saboda ya sa mai makantarwa a motarsa, aka ɗauki aikinsa a matsayin yi wa shari'a zagon ƙasa. Kun ga ƙasashen nan uku sun saɓa a kan saurare da ba da labari, amma a kan makantar da radar bakinsu ya zo ɗaya.

Wani zai ce: ai duk wannan neman kuɗi ne, tara ta zama haraji. Maganar tana da nauyi, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da gwamnatin Faransa ta rage gudu daga 90 zuwa 80 a ƙananan hanyoyi ranar 1 ga Yuli 2018, mutanen karkara sun ji an takura su. Da boren masu riguna ɗorawa ya ɓarke a watan Nuwamba, radar na cikin abin da aka fara huce haushi a kai, har ministan cikin gida ya ce a Janairun 2019 an lalata kusan kashi 60 cikin ɗari. A ƙarshen 2019 doka ta ba lardodi damar komawa 90. Darasin a fili yake: dokar da jama'a ba su gamsu da dalilinta ba, da wuya ta zauna lafiya.

Sai dai akwai dokar da babu majalisar da za ta iya gyara ta. Motar da ke gudun 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafar direba ta kai ga birki. In aka ninka gudu biyu, tazarar da mota ke ci bayan an taka birki ninkuwa huɗu take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, kuma rahotonta na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, Afirka ce kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Na'urar makantarwa tana iya rufe idon jandarma. Yaron da ya tsallaka kwalta a ƙauyen da ke bakin hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, da raƙumin da ya ɓullo da almuru, babu na'urar da za ta kawar da su.

Masu zuwa Kano da Katsina kuma sun san hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, ta bi wata hanya: daga 1 ga Fabrairu 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu a cikin motar kanta.

Saboda haka, a ƙasar da ake bin doka, nauyi biyu ne. Hukuma ta kafa alamar gudu inda kowa zai gani, ta yi awo da na'urar da aka tantance, ta ba da takardar shaida ga kowace tara, ta bayyana inda kuɗin ke shiga, ta buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, sannan ta ci motar babba tara kamar yadda take cin ta talaka. Ɗan ƙasa kuma yana da ƴancin ya soki doka, ya kai ƙara, ya nemi ɗan majalisarsa ya gyara ta. Ƴancin bai kai ga ya saya wa kansa kariyar da maƙwabcinsa ba ya da kuɗin saye ba, domin wannan da cin hanci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ɗan kasuwar da aka yi wa tallar irin wannan kaya ya fara tambayar abin da dokar ƙasa ta ce kafin ya zuba jarinsa. Mai mota kuma ya daina gindaya wa direbansa lokacin isowa da ba ya yiwuwa sai da gudun ganganci, don sau da yawa umarnin gudun daga mai kaya yake fitowa.

Magabata sun ce tafiya sannu sannu kwana nesa.  Allah ya kai kowa gidansa lafiya.