Tarar gudu: wa ke riƙe da sitiyari?

A Ringim, kamar sauran garuruwan Jigawa, motar haya ɗaya takan bi hannu biyu ko uku a mako: mai ita, direbansa, wani lokacin har da ƙanen direban. Idan takardar tarar gudu ta ɓullo, sai musu ya tashi.

Takardar ita ce shaidar farko. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, kan tsayar da mota ne su rubuta sunan direba, lambar mota, rana da wurin da aka yi laifin. Sai a gwada wannan da abin da 'yan tasha suka sani game da wanda ya yi lodi ranar. A Legas kuwa, inda kyamara ke kama lamba, saƙon kan je wa mai motar ne kai tsaye.

Bai halatta a ɗora wa yaron mota laifin da ba a tabbatar ba don kawai ba shi da bakin magana. Wanda bai amince da tarar ba yana da damar zuwa kotu. Wanda ya amince ya biya ta banki, ya adana rasit. Masu motoci su riƙa rubuta sunan duk wanda suka miƙa wa makulli.