Motar Daji Mai Ƙaramin Maleji: A Adana Ta Ko A Sa Ta Aikin Gona?

Jawabin malamin gona ga manoman Yalwawa da kewayen Dutse



Maganarmu ta yau a kan mota ce, irin mai ja da ƙafa huɗu wadda direbobi ke kira fowil, kamar Land Rover da Land Cruiser. Wani yakan gaje ta daga mahaifinsa, wani ya saye ta a gwanjon ma'aikata, wani lokaci kuma ƙungiyar manoma ce ke haɗa kuɗi ta saya. Sai a duba maleji a ga ba ta yi tafiya mai yawa ba, fenti da kujeru duk lafiya. Daga nan gardama ke tashi. Wasu su ce a rufe ta da tamfol kada darajarta ta faɗi. Wasu su ce a kai wa mai walda ya yanke bayanta, a ƙara sifirin, ta riƙa kai gero da riɗi kasuwar Shuwarin. Kuɗin da ke cikin wannan mota ya kan fi amfanin gonar shekaru da yawa, saboda haka lalle a yi tunani kafin a sa mata wuta.

ASALIN MOTAR

An fara ƙera Land Rover a Ingila cikin 1948, kuma domin manoma aka yi ta. Har wuri aka bar mata inda za a ɗaura bel ta juya injin sussuka ko na ban ruwa. An daina ƙera tsohon samfurinta a watan Janairu na 2016. Ita kuwa Land Cruiser ta Japan ce, samfurin da ake kira 70 ya fito a 1984. Watau aiki ba baƙon abu ba ne ga waɗannan motoci. Amma tun da aka daina yin tsohuwar Land Rover, akwai masu neman wadda ba a taɓa yanka ta ba, suna biyan kuɗi mai kyau. Kowane ɓangare na masu gardama yana da tasa gaskiyar ke nan.

A FARA TABBATAR DA MALEJIN

Kafin kome, a tabbata malejin gaskiya ya faɗa. Tsofaffin motoci da yawa lamba biyar gare su, in sun kai 99,999 sai su koma sifiri. Akwai kuma masu mayar da shi baya da gangan. A duba robar birki da ta kuloci inda ƙafa ke takawa, a duba sitiyari da kujerar direba. In sun cinye, motar ta sha tafiya, ko mene ne maleji ya nuna. A kuma lura ko mil yake ƙirgawa ko kilomita, domin mil 1 ya yi kilomita 1.6.

AJIYA BA ADANAWA BA CE

Mai cewa a rufe ta a bar ta, ya sani mota ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. In ta daɗe a tsaye:

1. Batir yana mutuwa cikin 'yan watanni.
2. Taya tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba. Zafin bazara irin namu yana tsattsaga ta. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2315, an yi ta a mako na 23 na 2015 ke nan. Wadda ta kai shekara 10 a cire ta, ko da zanenta bai goge ba.
3. Robobin da ke tare mai a inji da giya suna bushewa, sai yoyo ya fara.
4. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2.
5. Fetur yana lalacewa a tanki ya toshe hanyoyin mai.
6. Ɓera yana shiga ya ci waya, balle in an ajiye motar kusa da buhunan hatsi.

Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma casis ɗin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne. Sau da yawa a ga sama tana ƙyalli, ƙasa kuwa tsatsa ta gama da ita. Wanda ya zaɓi adanawa sai ya sa ta a inuwa, a kan daɓe mai tauri, ya tuƙa ta kamar kilomita 15 ko 20 duk mako biyu har inji ya yi zafi sosai, ya canza baƙin mai sau ɗaya a shekara. Wannan duk kuɗi ne ke fita, ba abin da ke shigowa.

ABIN DA BA A YI WA MOTA

Yanzu ga masu son aiki. Akwai gyaran da in an yi shi ba a komawa baya.

Kada a yanke casis ko a ƙara masa tsawo. Nan ne ƙashin bayan mota. Inda aka yi walda nan yake karyewa, kuma ba ya karyewa sai da lodi a kai.

Kada a yanke rufin mota mai rufaffen jiki domin a mayar da ita a-kori-kura. Rufin yana cikin abin da ke riƙe jikin, shi ne kuma ke kare mutane in ta kife. Ranar da aka yanke shi, ranar mai saye da tsada ya tafi.

Kada a ɗauka ƙarin sifirin ƙarin ƙarfi ne. Sifirin yana hana bayan mota zama ƙasa kawai. Birki da boris da aksul da taya suna nan yadda kamfani ya auna su. Yawancin a-kori-kura irin waɗannan an yi su ne domin kaya kamar tan 1, har da nauyin mutanen da ke ciki. Buhu mai kilo 100 ke nan guda 8 ko 9 tare da direba da yaronsa. Mai rufaffen jiki ba ta kai haka ba. Wanda ya ɗora buhu 20 ya sa 'yan kasuwa a sama, ranar da akuya ta gitta masa a kwalta birki ba zai amsa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kada a jibga buhuna a kan kariyar sama. Motar daji doguwa ce tun asali, nauyin sama kuwa shi ke kifar da ita a kwana.

Kada a sa taya wadda ta fi tata girma da yawa. Tana wahalar da giya da kuloci, tana ƙara shan mai, tana kuma sa maleji ƙarya.

GYARAN DA YA DACE

Ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da za a ƙara, a ɗaura shi da noti yadda za a iya kwancewa. Duk abin da aka cire, a ajiye shi a ɗaki.

1. A kwance kujerun baya a adana, a shimfiɗa katako ko roba mai kauri a ƙasa. Takin zamani yana cin ƙarfe, saboda haka a share a wanke duk ranar da aka ɗauke shi.
2. A sa wa kujerun gaba riga.
3. In kayan sun fi ƙarfinta, a sa mata ƙugiya a wurin da kamfani ya tanada, a ja ƙaramar tirela. Tirelar da ba ta da birki kada ta wuce kilo 750 da ita da kayanta.
4. A sayi taya mai ƙarfi ta ɗaukar kaya, daidai girman ta asali.
5. A riƙa tafiya da shebur, da jak, da katako, da igiya, da famfon iska. A cikin rairayin jigawa a rage iskar taya kaɗan, in an fito a mayar.
6. A sa fowil a yashi ko laka kawai. Yawancin waɗannan motoci, in an bar shi a kan kwalta yana ɓata giya.
7. Lokacin hunturu a kakkaɓe matatar iska kowane mako, a canza baƙin mai duk kilomita 5,000.

In an canza inji ko launi, a je ofishin lasin a gyara takardu.

A YI LISSAFI TUKUNA

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace fita sai an auna ta. A ɗauki littafi a rubuta: kwana nawa a shekara motar za ta yi aiki? Buhu nawa za ta ɗauka, nawa ake biyan kowane buhu? A cire kuɗin mai, da direba, da taya, da bakanike, da takardu. In aikinta na kaka ne kawai, wata biyu ko uku, da wuya ta ci da kanta. In kuwa akwai noman rani a fadama, da kai taki, da kai kayan gwari kasuwa, da ɗaukar kayan maƙwabta a biya, to tana da abin yi.

Akwai hanya ta uku wadda mutane ke mantawa. Motar da take tsaf, wadda ba a taɓa ba, ana iya sayar da ita yadda take. Kuɗin ya sayi tsohuwar a-kori-kura wadda dama don kaya aka yi ta, ko bijimai biyu da garma da amalanke daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shanu suna huɗa, suna jan kaya, suna ba da taki, bayan shekara 3 ko 4 a sayar da su. Ga manomi mai eka 5 zuwa 10, sau da yawa wannan ya fi.

SHAWARARMU

In mai rufaffen jiki ce kuma lafiyayya, kada a yanke ta. A yi mata aiki mai sauƙi da gyaran noti, ko a sayar. In a-kori-kura ce tun asali, a sa ta aiki, a tsaya a kan nauyin da aka rubuta mata. In ta ƙungiya ce, a naɗa direba ɗaya, a ajiye littafi ɗaya, a ware kuɗin gyara daga kowace fita kafin a raba riba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A kai ta wurin bakanike a duba birki da taya tun kafin a fara yankan gero. Mai son a taya shi lissafi ya zo da littafinsa wurin malamin gona na yankinsa, ko ofishin JARDA a nan Dutse.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye hanya. Wassalam.