Mai kalangun Sai Masu Gida

Masu sauraro, duk wanda ya saba shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san dattijon nan mai kalangu a hammata, mai raba goro tun kafin a take leda. Da shi aka raka Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ko Aba za a je ko Enugu, kuɗin motarsa daga aljihunsa yake fitowa, kuma ranar da aka sha kashi ma sai ya kaɗa.

To, dattijon ya rasu. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ina roƙon shugabannin magoya baya su riƙa leƙa iyalinsa ko bayan sadakar arba'in.