Takardar Ɗanyen Mai Ba Gangar Mai Ba Ce



Wanda ya sayi takardar ɗanyen mai ko ta alkama a kasuwar hannun jari bai mallaki kayan ba. Alkawari ya saya, kuma alkawarin yana ɗauke da haɗarin da kayan ba su da shi. Galibin asusun da ke bin farashin mai ba sa ajiye ko ganga guda. Kwangilar cinikin gaba suke riƙewa, wadda wa'adinta ke cika wata-wata. Kafin ya cika, sai su sayar da ita su sayi ta watan gaba. Idan ta gaban ta fi tsada, kamar yadda ake gani duk lokacin da kaya suka yi kwantai, jarin mutum zai riƙa zagwanyewa ko da farashin mai bai motsa ba. Ɗan kasuwar Dawanau ya san kuɗin sito da maganin ƙwari suna cin ribar masarar da ya ajiye. Mai takarda ma yana biyan kuɗin ajiya, illa dai ba a rubuta masa a rasit.

Ranar 20 ga Afrilun 2020 ta nuna iyakar wannan haɗari. Annobar korona ta tsayar da jirage da motoci, tankunan ajiya na Cushing a jihar Oklahoma ta Amurka suka doshi cika, sai kwangilar ɗanyen man Amurka na WTI ta watan Mayu ta rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili. Mai sayarwa ne ke biyan mai saye don ya rabu da man. Ƙananan masu jari da suka ruga asusun USO, mai bin farashin mai, don ganin mai ya yi arha sun tarar cewa da farashi ya farfaɗo, takardunsu ba su bi shi kafaɗa da kafaɗa ba. Kasuwar kanta ma tana iya rufe ƙofa: a Maris 2022, da tan ɗin ƙarfen nikel ya haura dala 100,000, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da ciniki, ta soke cinikayyar biliyoyin daloli.

Wani zai ce ai waɗannan takardu garkuwa ne daga hauhawar farashi da faɗuwar naira. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman ga takardar da zinariya ta zahiri ke bayanta a taska, irin NewGold da aka sanya a kasuwar hannun jarin Najeriya a 2011. Amma wannan hujja ba ta wanke sauran ba, domin da yawansu bashi ne a wuyan mai fitar da su. Da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a 2008, masu riƙe da irin takardunsa sai suka shiga layin masu bin sa bashi.

Saboda haka kada wanda ya saka kuɗinsa sai ya san abu uku: me ke bayan takardar, wa zai biya shi idan ta ɓaci, kuma nawa sauya kwangila ke ci a shekara. Dillalin da ya kasa amsa su da harshen da mai kuɗi ke ji bai cancanci a damƙa masa gumin kowa ba.