Lamba Ɗaya, Ma'ana Biyu

Manhajar da ke farautar kurakurai a cikin wasu manhajoji, irin GDB da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, tana tsaye ne tsakanin shiri da tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Idan tsarin ya aiko sigina, ita ce ke fara karɓa, sannan ta yanke ko ta tsayar da shirin ko ta miƙa masa saƙon. Saboda haka dole ne a koya mata siginonin kowane tsari daban. Sigina mai lamba 10 a Linux na kwamfutocin Intel saƙo ne da masu rubuta shiri ke amfani da shi yadda suka ga dama, amma a FreeBSD lamba 10 tana nufin an taɓa ma'adanar bayanai ba bisa ƙa'ida ba. Manhajar da ta rikita biyun za ta sa injiniya neman cutar da babu ita.

Wasu za su ce ai ƙa'idar POSIX ta daidaita komai. Sunayen siginoni ta daidaita, yawancin lambobin kuwa ta bar wa kowane tsari. Kuma ko siginar SIGSEGV, da aka sani da alamar rushewa, injin Java da gangan yake tayar da ita a cikin aikinsa na yau da kullum.