An Ɗora Linux, Saura Koyo



Linux da Jihar Kebbi sa'o'in juna ne, domin duka biyun a 1991 aka haife su. Duk da haka, sau da yawa ɗalibi kan ɗora shi a kwamfutarsa, bayan mako guda ya goge, saboda rashin mai nuna masa hanya.

To, malamin farko yana cikin na'urar, ba ya bukatar intanet. Rubuta man ls, bayanin umarnin zai fito. In sunan wani umarni ya ɓace maka, apropos zai lalubo shi. Littafin William Shotts kuwa, The Linux Command Line, kyauta ake sauke shi.

Saura mu. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya sami wanda zai tambaya. Wanda ya iya, ya zaunar da ƙanensa ya koya masa.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.