Kafin Mu Dangwala: Abin da Ya Kamata Mu Tambayi Masu Neman Wakiltarmu a Abuja

 

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan matsayin masu neman kujerar Majalisar Tarayya game da lafiya da makamashi da tattalin arziki, ganin zaɓen 2027 yana ƙaratowa. Na amsa bisa sharaɗi guda, wato ba zan kama sunan wani ɗan takarar mazaɓarmu ba. Dukkansu 'ya'yanmu ne, wasunsu ma a gaban malamai irina suka koyi riƙon fensir.

Ƙananan hukumominmu huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kujera ɗaya tak gare su cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, ɗaya daga cikin 11 da Jihar Jigawa take da su. A Majalisar Dattawa kuwa muna cikin Jigawa ta Arewa maso Yamma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa mai wannan kujera yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu suke kashe abin da aka ba su. Rabon atamfa da babura da buhunan shinkafa ba ya cikin littafin. Amma ku tsaya a filin kamfe ku saurara. Za ku ji kiɗa, za ku ji kirari, za ku ji an zagi abokin hamayya har kakansa, sannan a watse ba a faɗi ko kalma ɗaya a kan dokar da za a goyi baya ko wadda za a ƙi ba. Laifin rabawa za a yi, domin ɗalibi ba ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Kada wani ya ɗauka matsayin ɗan takara zance ne na 'yan boko. A yaƙin neman zaɓen 2023, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun faɗa a fili cewa za su janye tallafin man fetur. Tun kafin nan, Majalisar Tarayya ce ta zartar da dokar masana'antar mai ta 2021 wadda ta bar farashi a hannun kasuwa, ita ce kuma ta amince da kasafin 2023 wanda ya tanadi kuɗin tallafi zuwa watan Yuni kawai. Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. Abin da aka faɗa mana shi aka yi. Mu ne ba mu tambayi me za a yi wa manomin rani da ɗan acaɓa da mai injin niƙa ba idan hakan ta faru.

Bari in daɗe kaɗan a kan lafiya, domin a nan ne ku mazauna birni kuka fi jin jiki. Wane ne a cikinku wayarsa ba ta taɓa ƙara da tsakar dare ba, a ce masa Inna ba lafiya, ko matar ƙaninsa naƙuda ta zo da gardama, a turo kuɗin mota da na jini da na magani? Ku ne inshorar lafiyar ƙauyukanmu. Wanda ba shi da ɗa a birni, akuyarsa ce inshorarsa, in ta ƙare ya jinginar da gona. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa.

Ba doka muka rasa ba. Shirin inshorar lafiya na ƙasa an kafa shi da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, amma shekara da shekaru yawanci ma'aikatan gwamnatin tarayya ya amfana. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun kula da lafiya a matakin farko. Rabin kuɗin na biya wa talaka magani ne ta hanyar inshora, kashi 45 na magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na taimakon gaggawa. Doka ta 2014, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa mata kuɗi. Shekara huɗu ke nan takarda tana kwance, da 'yan majalisa a zaune. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Jiharmu ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato JICHMA.

To, ga abin da zan so in ji daga bakin ɗan takara. Asibitoci nawa ne a ƙananan hukumomin nan huɗu suke karɓar kuɗin wancan asusu, kuma ya taɓa shiga ɗaya daga cikinsu ya duba littafin? Yana goyon bayan a ƙara kason daga kashi 1, ko yana ganin a fara toshe inda yake yoyo? Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ba lafiya kashi 15 na kasafi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa kaiwa nan ba. Idan aka kawo kasafin da ya gaza, zai ɗaga hannu ya amince ko zai miƙe ya yi magana? Wanda ya amsa da cewa zai gina asibiti a garinku, ku tambaye shi wa zai biya ungozoma. Mun ga gine-gine masu fenti da allon suna, jemagu ne kaɗai ke kwana a ciki. Mu da muka ga yadda aka buɗe makarantun UPE a 1976, azuzuwa suka riga malamai zuwa, mun san ƙarshen irin wannan lissafi.

Batun wutar lantarki ba sai na tsawaita ba, kowa ya sani. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta daga Shiroro da kuma ta Binuwai. A watan ne kuma, ran 15, tankar mai ta kama da wuta a Majiya, nan maƙwabtanmu a Taura, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu matasa da suka je kwasar mai. Allah ya jiƙansu. Ba ina ba kowa uzuri ba ne, amma yaron da yake da sana'a a hannu da wuya ya ruga da bokiti wajen tankar da ta faɗi. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin shekarar sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Muna da tashar rarraba wuta a Gagarawa, muna da rana da ba ta yi mana rowa. Kasafin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta gaban majalisa yake bi. A nawa ra'ayin, fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, waɗanda 'yan majalisa suka fi so saboda ana ganinsu daga mota, ba su kai darajar sola ɗaya da za ta riƙe firjin allurar rigakafi ko ta ɗaga ruwan rijiyar burtsatse ba. A tambayi ɗan takara wanne zai sa a gaba.

Tattalin arzikinmu kuwa, wanda ya san ƙasar nan ya san ranar Alhamis ake auna shi, a karar Maigatari. Raƙuma da shanu da tumaki daga Dungas da Magarya da Damagaram, riɗi da soɓorodo da gero daga gonakinmu, manyan motoci suna lodi zuwa Kudu. Dillali da ɗan dako da mai tuwo da mai canjin sefa duk a nan suke ci. Sau biyu cikin shekara biyar aka rufe mana wannan ƙofa daga Abuja. Na farko daga Agustan 2019, har da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka a watan Nuwamba, sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na ciki. Na biyu bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. A wancan karon mun ga amfanin majalisa, domin a farkon Agustan 2023 Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan a kai wa Nijar yaƙi, sanatocin Arewa ne kuma suka fara ɗaga murya. Da an yi shiru, da garuruwanmu ne bakin daga. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma auratayya da cinikayya tsakaninmu sun girmi ECOWAS, sun girmi iyakar kanta. Mai neman wakiltar mazaɓar kan iyaka dole ya faɗa mana abin da zai yi ranar da aka sake kawo maganar rufewa, ko da jam'iyyarsa ce take mulki. Ya faɗa mana kuma ra'ayinsa game da yankin ciniki maras haraji na Maigatari, da yawan shingayen da ke kan hanyar Gumel zuwa Kano, waɗanda kuɗinsu a kan manomi da makiyayi yake ƙarewa. Haka nan batun filayen noman rake na Gagarawa: ba ma ƙin masu zuba jari, amma muna so mu ji inda zai tsaya idan aka zo maganar diyyar mai gona.

Shugaba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon wannan taro ya kafa ƙaramin kwamiti, a sa likita da injiniya da ɗan kasuwa da mace aƙalla ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, su tsara tambayoyi da Hausa, kada su wuce goma. Da zarar an san 'yan takarar kowace jam'iyya, a aika wa kowannensu, a nemi amsa a rubuce da sa hannunsa, sannan a gayyace su zama ɗaya a nan Gumel, a sa a rediyo domin na Sule Tankarkar da na ƙauyukan Gagarawa su ji da kunnensu. Amsoshin a buga su a mujallar baɗi yadda suka zo, ba gyara. Wanda bai amsa ba, a bar shafinsa fari da sunansa a sama, kamar yadda muke yi wa yaron da ya ƙi zuwa jarrabawa. Ku kuma da katin zaɓenku yake birni, ko wanda ba shi da shi sam, hukumar zaɓe tana da hanyar yin rajista da ta sauya rumfa, ku bincika da wuri. Ina kuma ba ma'ajin ƙungiya shawara ya je ofishin JICHMA a Dutse ya samo mana nawa ake biya wa mutum ɗaya a shekara, ya kawo lissafin a zama na gaba, mu ga tsofaffi nawa asusunmu zai iya ɗauka.